Kuɗin da ba su warkar da Yaya ba

 

Mu matan wata ƙungiyar asusu ne a bayan garin Maradi. Da mu 25 ne, yanzu mun koma 24. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan ko mu rubuto wannan labari ko mu bar shi a cikinmu, don akwai wuraren da ba mu fita kunya a cikinsa ba. Abin da ya rinjaye mu shi ne sanin cewa yanzu haka, a Damagaram ko Tawa ko Yamai, akwai wata ƙungiya da ke da tata mara lafiyar kwance a ɗaki. Ana shiga ana ce mata sannu, ana fitowa ana share hawaye, ba a san akwai abin da ya wuce sannu ba.

Za mu sakaya sunanta. Yaya dai muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma ita ke riƙe da ɗaya daga cikin makullai 3 na akwatinmu tun ranar da muka fara zubi. Makullin a wuyanta yake kwana. In kika makara ranar Talata, ko uwarki ce shugaba sai kin biya tara, Yaya ba ta ɗaga ƙafa.

Shekara 5 da ɗaukewar al'adarta sai jini ya dawo mata. Ba ta faɗa wa kowa ba. Daga baya wani ruwa mai wari ya biyo. Muka ga ta koma zama can bakin tabarma, ta ƙara yawan turaren wuta. Wallahi mun lura, kowaccenmu ta lura, amma kunya ta rufe mana baki kamar yadda ta rufe nata. Aka sha saiwoyi, aka ce sanyi ne, aka ce sammu ne. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi sannan aka kai ta wurin sajifam, ita kuma tana dubawa ta ce a wuce gaba. Ƙarshenta sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Can aka tabbatar sankarar bakin mahaifa ce, ciwon dajin nan da ake ce wa kansa. A cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, inda ake da na'urar gashi tun 2021, aka yi mata abin da za a iya, jinin ya tsaya. Amma lokotoro ya ja ɗiyarta gefe ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, ba a zancen warkewa. Bayan kaka aka dawo da ita gida.

Nan ne muka san mene ne ciwo. A mara yake, can ciki, ya zagayo ƙugu. Ta ce mana kamar naƙuda ce wadda ba haihuwa a ƙarshenta. Da rana tana daurewa saboda masu zuwa gaisuwa. Da dare sai ta cusa bakin zane a baki don kada maƙwabta su ji. Muka raba kwana biyu-biyu. To amma me muke da shi? Fifita, da matsa ƙafa, da “sannu Yaya, haƙuri Yaya, kankarar zunubi ce.” Wani dare ta zare zanen daga bakinta ta ce, “Ku bar ce mini haƙuri. Na haifi 9, na rufe 3, wa ya taɓa jin muryata? Ni za ku koya wa haƙuri?” Daga ranar ba wadda ta sake furta kalmar a ɗakin.

Ɗanta ya riƙa sayo mata tramol wurin mai tebur. Da majon asibitin unguwarmu ya ji, ya yi faɗa, sannan ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsara maganin zafin kansa kamar tsani mai hawa 3. Na ƙasa su parasetamol ne, na tsakiya su kodeyin da tramadol na farmasi, na sama kuma morfin. Ciwon Yaya ya daɗe da wuce hawa na biyu. Ɗan ya ce shi ba za a mai da uwarsa ƴar ƙwaya ba, kuma ya ji an ce in aka fara ba mutum morfin to an sallama shi ke nan. Majo ya ce a'a. Morfin da lokotoro ya auna, ana sha ta baki kowane awa 4 ba tare da an jira ciwon ya taso ba, ba ya rage kwanan mutum, kuma ba a haɗa shi da abin da samari ke haɗiya a tasha. Ya ce a ƙasar Uganda tun 1993 wata lokotoro mai suna Anne Merriman ta kafa gidan kula da irin waɗannan marasa lafiya, ana haɗa morfin na ruwa a kwalba ana kai musu har gida.

Aka samo ordinansi, aka samo maganin, ko da yake ba kowace farmasi ke da shi ba. Ya yi aiki, alhamdu lillahi. Kusan wata 2 Yaya na barci, mu ma muna barci. Sai ciwon ya ƙara ƙarfi, aka ƙara awo, ya sake ƙarawa, aka sake ƙarawa. Da awon ya yi yawa sai amai, ga bayan gida ya ɗaure kwana da kwanaki duk da maganin da ake ba ta na sassauta ciki. Abin ya zama ɗayan biyu: ko ta farka cikin azaba, ko ta kwanta ba ta san wa ke kanta ba.

Ana nan cikin bazara, ranar wata Talata, ɗiyarta ta yi sallama a wurin taronmu. Malamar lakol ce, ba ta cikin ƙungiya. Ta durƙusa ta ce, “Iyayena, shawara na kawo.” Ta ce an haɗa ta da wani lokotoro a babban asibiti, cikin masu sa mutane barci in za a yi aiki, ya duba hotunan cikin uwarta ya ce akwai wata allura ta toshe jijiya da yake ganin za ta dace da ita.

Mu da jin jijiya sai muka ɗauka ta jini ce, don a Hausa duk jijiya ce. Ta ce a'a, waɗannan wasu ƴan siraran jijiyoyi ne masu kai saƙo, kamar wayar lantarki. Zafin da ke tasowa daga mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji, ta cikinsu yake bi ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ji shi. Kafin su hau kuwa, suna haɗuwa wuri guda kamar tashar mota, a gaban ƙashin baya na can ƙasa, bayan hanji. In aka kai allura daidai wannan tasha aka zuba magani mai ƙone jijiyoyin, alkol mai ƙarfi ko wani da ake kira fenol, saƙon ba ya isa. Ciwon yana nan yana cin jiki, amma zafinsa ya ragu. Ta ce ba sabon abu ba ne, tun 1990 wani lokotoro ɗan ƙasar Meksiko mai suna Plancarte da abokan aikinsa suka bayyana yadda ake yi wa masu kansar mara.

Kuma ba ta ɓoye mana komai ba. Allurar ba ta warkarwa, ba ta ƙara kwana. Ba kowa take yi wa aiki ba. In ta yi, makonni ne zuwa ƴan watanni, don jijiyoyin suna sake tohowa. Ba ta raba mutum da morfin gaba ɗaya, rage shi take sa a yi. Kuma wurin yana kusa da manyan jijiyoyin jini da hanyar fitsari, shi ya sa ba a yinta da ka, sai ana kallo a na'ura. Mota, masauki, awon jini da aikin kansa, ta lissafa jaka 120. Su kuwa sun sayar da duk abin sayarwa tun tafiyar Yamai.

Ta fita, ta bar mu da shiru.

Asusunmu na taimako, wanda muke zuba dala 10 kowane mako, jaka 38 ke ciki. Sauran 82 sai dai daga babban akwati, kuma mata 3 na jiran rancen waɗannan kuɗi kafin ruwa ya sauka. Ɗayarsu, mai sayar da waina, ita ta fara magana, kuma ba za mu ce ƙarya ta yi ba. Ta ce, “Ni ku yi mini gafara. Da an ce warkewa za ta yi, ɗan kunnena zan cire. Amma an ce ba ta tashi. Dokarmu ta ce rance na mai sana'a ne. In muka zuba kuɗin a nan, iri da taki fa? Ɗiyana su ci mi bana?” Wata ta ce ita alkol ɗin ne ya tsaya mata a rai, yaya za a ɗura wa mata mai salla giya a ƙarshen rayuwarta. Wata ta ce ta ji ana cewa allurar baya tana kashe ƙafafu. Wata tsohuwa ta ce wahalar nan ladanta take tarawa, kada mu rage mata.

Ba mu yanke komai ba ranar. Shugaba ta raba aiki, ta ce a je a tambayo. Malamin da ke yi mana karatu ya ce abin da ba sha za a yi ba, ba ya sa maye, kuma lalura ta kawo shi, magani ne kamar wanda ake goge fata da shi kafin allura. Ya ƙara da cewa neman sauƙi ba ya cinye ladan haƙuri, kuma mai lafiya ba shi da ikon zaɓa wa mara lafiya wahala don ya tara masa lada. Ɗiyar ta sake kiran lokotoro a kan zancen ƙafafu. Ya ce jijiyoyin da za a taɓa ba su ne masu motsa ƙafa ba. Ya ce ba aikin da ba shi da hatsari, amma irin wannan matsala ba kasafai take faruwa ba.

Saura zancen kuɗi, shi kuwa ba malami ko lokotoro da zai warware mana. Talata ta zagayo, aka ɗaga hannu, 19 suka yarda, 5 suka ƙi. Sai a lokacin muka tuna: akwati ba ya buɗuwa da makulli 2. Na ukun yana wuyan Yaya.

Muka ɗauki akwatin muka nufi gidanta, muka dace tana farke. Da ta ji abin da ke tafe da mu sai ta damƙe makullin a hannu. Ta ce, “Kuɗin mata ne. Shekara nawa ina hana ku taɓa su ba bisa ƙa'ida ba, yau a kaina za a fara? Kada ku zuba a rijiya.” Kowa ya rasa ta cewa. Sai mai wainar nan, wadda ta ƙi ɗaga hannu, ta matso ta ce, “Yaya, in aka ɗauke miki ciwon nan na wata guda, mi za ki yi da shi?” Duk tsawon jinyar ba wadda ta taɓa yi mata irin wannan tambaya. Ta yi shiru, can ta ce tana so ta yi salla tana sane da abin da take karantawa. Tana so ta zauna da autarta, wadda aka sa wa rana, ta faɗa mata abin da uwa ke faɗa. Kuma akwai ƙanwarta a ƙauye da suka shekara 6 ba sa ga-maciji. Mai waina ta ce, “To ba da makullin. Wannan ba rijiya ba ce.” Yaya ta ce sai dai a rubuta bashi ne. Aka rubuta, ta dangwala hannu.

Biyu daga cikinmu suka raka ta tare da ɗiyar. An fara da awon jini don a tabbatar yana daskarewa yadda ya kamata, aka duba ba ƙurji a wurin, aka sa mata ƙarin ruwa. Aka kwantar da ita rub-da-ciki da matashi a ƙarƙashin mara. Ba a sa ta barci ba, fatar kawai aka kashe. Lokotoro ya shigar da dogayen allurai sirara ta ƙasan baya, yana kallon inda suke bi a allon na'urar hoto. Ya fara zuba maganin kashe zafi na ɗan lokaci don ya gwada, ya tambaye ta. Ta ce, “Ya lafa.” Sannan ya zuba mai ƙonewar. Duka-duka bai kai awa guda ba. Ta kwana ana duba tansiyonta, wurin allurar ya yi mata tsami kwana 2, shi ke nan.

Majo ya koya mana auna ciwo da yatsu, a ce wa mara lafiya in yatsu 10 su ne ciwon da ya fi kowane, yau nawa ne. Kafin tafiya Yaya 9 take nunawa. Bayan ta dawo ta nuna 3. Lokotoro ya rage morfin a hankali, ya kuma ja kunnenmu kada kowa ya tsayar da shi kwatsam da ra'ayin kansa. Aman ya tsaya. Ta nemi hura, ta sha.

Mako 11 ta samu. Ta yi sallarta a zaune. Aka aika ƙauye ƙanwar ta zo, suka rufe ƙofa, abin da suka faɗa wa juna su suka sani, amma ƙanwar ba ta koma ba sai bayan addu'ar bakwai. An ɗaura auren auta Yaya na jingine da bango tana ba da umarnin yadda za a jera kwanoni. Sau 4 muna yin taron Talata a tsakar gidanta, har ta ci shugaba tara don ta makara.

Daga nan ciwo ya dawo, wannan karon a ƙashin kwatangwalo. Lokotoro ya ce wannan ba ta tashar nan yake bi ba, sake allurar ba zai kai gare shi ba. Aka koma ƙara morfin. Kwanakinta na ƙarshe barci ya fi yawa, amma ba ta sake cusa zane a baki ba. Ta cika cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ga lissafi, don mun san za ku tambaya. Cikin jaka 82, ɗiyanta sun biya 28 tun tana raye, aka cire 30 daga rabonta, saura 24. Da liman ya yi cigiyar masu binta bashi kafin a sallace ta, muka aika aka ce ƙungiya ta yafe. Jaka ɗai-ɗai ke nan ta hau kan kowaccenmu. Mata ukun nan ba su samu rance a kan kari ba. Mai waina sai bashin iri ta ci a kasuwa da tsada, ta yi shuka a makare, abin da ta girbe bai kai na bara waccan ba. Mun tambaye ta ko ta yi da-na-sani, ta ce, “Na yi asara, ban yi da-na-sani ba.”

Abin da muke so ku riƙe, ƴan'uwa, shi ne in lokotoro ya ce ba a warkewa, bai ce ba abin yi ba. Akwai fannin aikin likita guda sukutum na sauƙaƙa wa wanda ba zai warke ba, suna ce masa suwan paliyatif. Mace ce ma ta raya shi, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama lokotoro, ta buɗe gidan irin wannan kulawa a Landan a 1967. Ita ce ta koyar cewa ciwon mai kansa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, na tunanin iyali, da na tsakanin mutum da Ubangijinsa. Mun ga haka da idonmu: sai da na jiki ya lafa sannan Yaya ta samu sukunin sauran.

Don haka ku buɗe baki ku tambaya. Ku ce, “Lokotoro, zafin fa, mi za a yi masa?” In magani bai kai ba, ku koma ku faɗa, ba rashin kunya ba ne. In morfin ya gaza ko ya fi ƙarfin jiki, ku tambaya ko allurar toshe jijiya za ta dace, kuma ina ake yinta, don ba kowane asibiti ba ne. Ba iri ɗaya ba ce: akwai ta saman ciki, wajen tumbi da hanta, akwai ta haƙarƙari, akwai ta can ƙarshen ƙashin baya. Mai aikin ne zai ce ta dace ko ba ta dace ba. Kada a jira sai jiki ya ƙare, tafiya ta gagara. Kuma ku tambayi mara lafiyar abin da take so. Mu sai da muka yi wata da watanni muna yanke wa Yaya shawara a bayan idonta.

Mun sauya abu 2 a dokarmu. Asusun taimako ya koma dala 20, kuma an rubuta cewa rage wa mutum azaba dalili ne na fitar da kuɗi, ko da ba warkewa. Na biyu, duk wadda ta ga jini bayan ɗaukewar al'ada, ko bayan kwanciya da maigida, ko ruwa mai wari, ta faɗa wa ɗaya daga cikinmu a asirce a raka ta awo. Sankarar bakin mahaifa ana gano ta tun ba ta kama ba, kuma in aka tare ta da wuri ana warkewa. Da mun yi magana ranar da Yaya ta koma bakin tabarma, wataƙila da wani labarin muke rubuto muku. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, mun sha faɗa a baki, amma ranar da ya kamata mu nuna, shiru muka yi.

Makullin yanzu yana wuyan mai waina. Ita ma ba ta ɗaga ƙafa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Mu huta lafiya.